Yadda zaka gane zaren yadin sel na jirgin ruwa kafin ka ɗora masa allura

Wannan bayanin na 'yan uwa ne masu ɗinkin tampol da rumfa da ke nan Legas, na Apapa da Ijora da Agege har su Alaba Rago, saboda aikin sel yakan faɗo hannunmu jefi-jefi kuma yawancinmu kallon tampol ɗin tirela muke masa. Sel ina nufin babban ƙyallen nan da ake ɗagawa a jikin sandar jirgin ruwa, iska ta cika shi ta tura jirgin ba tare da inji ba. Duk wanda yake bi ta gadar Third Mainland ya sha ganin kwalekwalen masu yashi da sel ɗinsu na buhu an harhaɗa, sannan akwai jiragen wasa na su Lagos Yacht Club wanda aka kafa tun 1932, da na kulob ɗin sojan ruwa da ke Ojo, da waɗanda ke zirga-zirga wajen Tarkwa Bay. Dukkansu in sel ya yage mai keke suke nema.

Abu na farko da zaka sa a ranka shi ne tampol aikinsa kawai ya tare ruwa da rana, ko ya saki ko ya yi tumbi babu ruwan kowa. Sel ba haka yake ba. An yanka shi ne da wani ɗan ciki da aka auna, cikin yana can gaba-gaba kusa da sanda, to wannan siffar ita ce take jan jirgi gaba ko da iskar daga gefe take zuwa ko daga ɗan gaba. Ranar da yadin ya miƙe, cikin nan sai ya koma baya ya zurma, jirgi ya dinga kwanciya gefe yana jan ƙafa, mai shi yana ta fama da sitiyari. Kaga kenan sel zai iya mutuwa alhali ko ɗigon huji babu a jikinsa. Dan haka in ana kwatanta zare da zare ba ƙarfi kaɗai ake tambaya ba, ana tambayar yaya yake miƙewa in an ja shi, in ya miƙe yana komawa ko shikenan ya tafi, yaya yake da rana, yaya yake da lanƙwasa da kaɗawar iska, yana shan ruwa ko baya sha, sai kuma kuɗinsa.

Kuma a garin nan tambayar rana da damshi ita ce gaba da komai. Muna kusa da tsakiyar duniya, digiri 6 da rabi ne kawai tsakaninmu da layin ikwaita, rana tsaye take zuwa mana shekara gaba ɗaya, ruwan sama kuma wajen milimita 1,500 ko fiye a shekara, watan Yuni kam ba a magana. Yadin da zai yi wa Bature shekaru a Ingila inda jirgi ke kwana a rumfa rabin shekara saboda sanyi, nan bazai kai ko kusa ba. Shi yasa ni nake ganin mafi tsada ba shi ne mafi dacewa da Legas ba, kuma zan nuna maka dalili ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da auduga tunda ita muka sani. Kafin auduga, jiragen Turai lilin suke amfani da shi da wani zare dangin rama, masu ƙarfi amma suna saki sosai. A 1851 wani jirgi mai suna America ya je Ingila ya lashe tseren zagaye tsibirin Wight da sel na auduga mai matsattsiyar saƙa wanda baya tumbi kamar lilin ɗin Ingilishi, daga nan auduga ta samu kasuwa har kusan shekara ɗari. Auduga tana da halinta mai kyau, in ta jiƙe ƙarfi take ƙarawa ba raguwa ba, tana da daɗin ɗinki, allura bata wahala. Matsalarta tana shan ruwa ta yi nauyi, ta takure, kuma in aka naɗe ta da danshi fumfuna cinye ta take yi da gaske, ba tabo kawai ba, zaren ne yake ruɓewa. Masunta na da sukan jiƙa sel ɗinsu a ruwan ɓawon itace saboda ya hana ruɓa, irin sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema ke aiki da ita, shi yasa zaka ga sel ɗin da a hotuna ja-ja. Yau in ba mutum yana son jirginsa ya yi kama da na zamanin da ba, babu dalilin sa auduga a ruwan Legas.

Sai buhu. Kada ka raina shi. Buhun shinkafa da na fulawa da na taki duk da zaren leda ake saƙa su, wanda ake kira polifirofilin, baya shan ruwa, a kan ruwa ma yawo yake dan ya fi ruwa rashin nauyi, kuma kusan kyauta ne. Mai yashi da yake jira iskar teku ta taso ta tura shi daga baya zuwa bakin gaɓa baya buƙatar wata siffa ta musamman, babban abu mai tare iska kawai yake nema, to buhu ya biya masa buƙata. Abin da ke kashe buhu rana ce, cikin 'yan watanni zaka ga ya fara fari yana gari a hannu, ka ja kaɗan ya ɓare. Kowa ya sayi rariya dai ya san zata zubar da ruwa. In irin wannan aikin aka kawo maka, zaɓi buhunan da basu sha rana ba, ka jera su saƙarsu tana kallon waje ɗaya, ka ninka bakin sau biyu kafin ka taka saboda saƙar buhu zarewa take yi, ka buɗe tazarar ɗinkin sosai, sannan ka bi gefunan da igiya dan ita zata ɗauki nauyin ba buhun ba. Shuɗin tampol ɗin nan na kasuwa shima kusan labarin ɗaya ne, ya ɗan fi buhu riƙe iska saboda ledar da aka shafe shi da ita, amma rana bata ƙyale shi.

Nailan kuma kamfanin DuPont na Amurka ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1930. Yana da ƙarfi ƙwarai in aka duba rashin nauyinsa, amma miƙewa yake kamar me, sai ya ƙara kusan kashi 20 cikin 100 na tsawonsa ko fiye kafin ya tsinke. Wannan miƙewar ita ta hana shi zama babban sel, kuma ita ce ta ba shi aikinsa na musamman, wato sel ɗin nan mai launi-launi mara nauyi da ake saki a gaban jirgi in iska tana baya, wanda suke kira sifinika. Shi wannan in iska ta buge shi farat ɗaya ana so ya ɗan ba da kai maimakon ya fashe. Nailan yana ɗan shan ruwa, in ya jiƙe ƙarfinsa yana raguwa kaɗan kuma yana ƙara saki, rana tana cinsa fiye da foliyesta, sannan babban abin kiyayewa, kada bilic ya taɓa shi. Wani zai ga fumfuna ya ɗauko ruwan bilic ya zuba dan ya burge oga, wallahi ya gama da sel ɗin, zai yi fes a ido amma da hannu zaka yaga shi.

Yanzu ga uban tafiyar, foliyesta. Wasu Turawan Ingila biyu, Whinfield da Dickson, su suka haɗa ta a 1941 aka sa mata Terylene, DuPont kuma ya fitar da tasa da sunan Dacron, sunan da ya bi yadin sel har yau ko wane kamfani ne ya saƙa. Daga shekarun 1950 ta kori auduga daga kan ruwa kuma har gobe yawancin fararen sel da zaka gani a duniya ita ce. Kusan bata shan ruwa, abin da take riƙewa bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinta ba, fumfuna tana iya ɓata mata fuska amma bata cin zaren, tana jure rana fiye da nailan da Kevlar, wani zaren zamani da zamu zo kansa a gaba, tana jure lanƙwasa da naɗewa da wulaƙancin yaran jirgi, kuma in ta yage da keke da zare ka gyara ta. Laifinta ɗaya, tana miƙewa fiye da zaren zamani, da shekaru siffar tana lalacewa duk da yadin yana nan da ransa.

Amma fa a nan mutane suke ruɗewa. Foliyestar da ake saidawa a Balogun ta riga da labule ba ita bace Dacron ɗin sel, danginsu ɗaya ne kawai. Na sel zarensa mai ƙarfi ne na musamman, ana saƙa shi a matse iya matsewa, a gasa shi da zafi ya ƙara takurewa, sannan a shafe shi da wani irin gam da yake kulle saƙar. Shi yasa sabon Dacron yake da tauri yana ƙara kamar takarda in ka motsa shi. Kamfanonin da suka yi suna a saƙarsa akwai Dimension-Polyant na Jamus da Contender na Holan da Bainbridge da Challenge, in ka ga sunansu a jikin bandir to yadin sel ne na gaske. Ga yadda zaka gwada, ka kama yadin ka ja shi ta tsawo, ka ja ta faɗi, sannan ka ja ta kusurwa wato a karkace. Kowane yadi ta kusurwa yake fi saki, amma mai kyau kaɗan zai motsa ya tsaya, wanda gam ɗinsa ya mutu kuwa zaka ji ya biyo hannunka kamar zanin ɗaurawa. Ka ɗaga shi ka kalli rana ta ciki, in kana ganin ƙananan ramuka tsakanin zare da zare to saƙar ta buɗe.

Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye mu masu faci. Zaren tsaye da zaren kwance na Dacron ba ƙarfinsu ɗaya ba. Yawancin sel ana yanka shi falle-falle a kwance, a jera su yadda zaren da ya fi ƙarfi zai bi gefen baya na sel ɗin, dan nan ne nauyin iska yake taruwa. In zaka sa faci dole ka duba inda saƙar asali ta dosa ka ɗora naka daidai da ita. In ka karkata facin, shi zai ja gabas yadin ya ja yamma, sai wajen ya tattare, kuma nan gefen facin ne zai sake yagewa. Nauyin yadin ma ya zama ɗaya ko kusa. Su da oza suke auna shi, amma ozarsu daban ce, nauyin ƙyalle ne mai inci 36 da inci 28 da rabi, oza ɗaya tana kama giram 43 a kowace murabba'in mita. Ƙananan jirage wajen oza 4 suke sawa, jirgi mai ƙafa 30 wajen 7, sifinika kuwa 0.75 ko 1.5. In ka ɗora facin oza 8 a kan yadin oza 4, facin bazai lanƙwasa tare da shi ba, gefensa zai zama wuƙa.

To sai manyan zaren zamani, waɗanda in kwastoma ya faɗi sunansu sai ya ɗaga kafaɗa. Kevlar wata masaniyar kimiyya ce a DuPont, Stephanie Kwolek, ta gano shi a 1965, shi ne ake rigar sulke da shi. Launinsa ruwan zinare, wajen ƙin miƙewa ya ninka foliyesta kusan sau 5, kusan kashi 3 cikin 100 kawai yake ƙarawa kafin ya tsinke, dan haka sel ɗinsa yana riƙe siffa cif kuma ba nauyi. Masu tsere suna sonsa saboda haka. Amma abubuwa biyun da ya fi tsana su ne abubuwa biyun da muka fi yawa da su, rana da kaɗawa. Rana tana mayar da shi ruwan ƙasa tana zuƙe ƙarfinsa, lanƙwasa wuri ɗaya kuma tana karya silin zaren a ciki ba tare da ka gani ba. Ka bar sel ɗin Kevlar yana fal-fal a iska na ɗan lokaci, ka rage masa kwana. Twaron ɗan uwansa ne, hali ɗaya. Technora na kamfanin Teijin na Japan shima danginsu ne, ya fi su jure lanƙwasa, yawanci baƙi zaka gan shi saboda rinin da ake masa ya kare shi daga rana. Dukkansu basa shiri da bilic.

Sai baƙin zaren nan da ake kira kabon, shi rana bata dame shi ba ko kaɗan, kuma wajen ƙin miƙewa yana sahun gaba, shi yasa baƙaƙen sel suka cika manyan tsere. Matsalarsa gautsi, in aka ninke shi da ƙarfi karyewa yake. In kana yanka shi ka kiyaye, ƙurarsa tana sa ƙaiƙayi kuma wutar lantarki tana bi ta cikinta, kada ta shiga motar kekenka.

Dyneema da Spectra abu ɗaya ne da suna biyu, na farko daga kamfanin DSM na Holan ya fito, na biyu kuma kamfanin Honeywell na Amurka ne ya daɗe yana yinsa. A cikin zaren tsada ita ce ni na fi yarda da ita a yanayinmu. Asalinta dangin leda ce amma an ja ta an miƙar da ita har ta fi ƙarfe ƙarfi in nauyinsu ɗaya, bata shan ruwa, tana yawo a kan ruwa, tana jure rana da gogayya da lanƙwasa fiye da su Kevlar nesa ba kusa ba. Aibinta biyu. In aka ɗora mata nauyi aka bar shi ya daɗe, tana miƙewa sannu a hankali kuma bata komawa, dan haka masu tseren da ke son siffa ta zauna daram basa sonta ita kaɗai, sai a gauraya ta da kabon. Na biyu bata son zafi, wajen digiri 145 zuwa 150 ta narke, alhali foliyesta sai wajen 250. Kenan dutsen guga ko allurar da ta yi zafi saboda gudun keke zasu iya mata illa. Tana da santsi kuma, gam baya kama ta da kyau, almakashi ma sai mai kaifi sosai. Akwai yadin da ake saƙa ta tare da foliyesta a ciki, kamar Hydra Net na Dimension-Polyant, saƙa ce zalla babu leda, ga mai kuɗi da ke son sel ya daɗe a ƙasar zafi wannan ya fi ma'ana.

Wani zaren kuma mai suna Vectran baya wannan miƙewar ta sannu a hankali kuma yana jure lanƙwasa, amma rana tana cinsa sai an rufe shi. Zylon na kamfanin Toyobo a takarda ya fi kowa ƙarfi, a kan ruwa kuma hasken rana da danshi suna gama da shi da wuri, a Legas ma ba sai an tsaya dogon bayani ba.

Abin da ya kamata ka gane game da waɗannan zaren tsadar shi ne yawancinsu ba saƙa su ake kamar Dacron ba. Shimfiɗa zaren ake a miƙe, a sa shi tsakanin fallen leda biyu masu ƙarfi da ake kira Mylar, a manne da gam da zafi, wani lokacin a ƙara siririn yadi a waje dan kariya. Wannan shi ne laminet. To ko zaren ciki ya kai shekara nawa, ran sel ɗin yana hannun gam da ledar ne. Zafinmu da danshinmu suna sa gam ya saki, ledar ta fara ɗagowa tana kumbura, ruwa ya shiga tsakani, fumfuna ta yi gida a ciki inda ba buroshin da zai kai. Zaka ga sel ya yi baƙin tabo kamar taswira kuma ba abin da zaka iya yi. Dacron in zai mutu yana ba da sanarwa shekara da shekaru, laminet kuwa yana nan da kyakkyawar siffarsa har ranar da zai ɓare gaba ɗaya. Wannan ka faɗa wa duk wanda zai sayi sel tokumbo na tsere dan ya ga araha, galibi wanda ya sayar ya riga ya sha romon.

In an kawo maka sel baka san ko wane zare bane, kada ka yi kunyar gwadawa. Ka zaro ɗan zare daga inda ya riga ya yage, ka fita waje, ka riƙe da filaya ka kusanta shi da wutar ashana. Auduga zata kama da wuta tana warin takarda ta bar toka mai laushi. Foliyesta zata takure ta narke da baƙin hayaƙi ta bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri. Nailan shima narkewa yake amma hayaƙinsa fari-fari ne, dunƙulen kuma ruwan toka ko ruwan ƙasa. Dyneema tun wuta bata taɓa ta ba take guduwa, tana warin kyandir. Kevlar baya narkewa sam, baƙi kawai zai yi, kana janye wutar ya mutu. Kabon ko a jikinsa. Kada ka shaƙi hayaƙin da gangan. Sai gwajin ruwa, ka jefa zaren a kofi ka danna shi ya jiƙe, buhu da Dyneema zasu taso sama, nailan da foliyesta da Kevlar zasu nutse.

Bayan ka san zaren, sai ka duba ko yadin ma ya cancanci gyara. Ka je gefen baya inda ya fi shan rana, ka kankari ɗinkin da farce, in zaren ɗinkin yana tsinkewa to duk layin sai an sake takawa. Ka soka basilla a yadin ka ɗan ja gefe, mai rai zai riƙe, wanda rana ta cinye zai tsage ba wahala. Irin wannan ka gaya wa mai shi gaskiya tun kafin ka karɓi kuɗi, ka ce oga wannan ko na ɗinke gefensa ne zai buɗe, in ba haka ba hadarin farkon damina ɗaya zai yaga shi kuma sunanka ne zai ɓaci ba na rana ba.

Wajen ɗinki, zigizag ake yi ba miƙaƙƙe ba, saboda ɗinkin ya iya motsi tare da yadin. Zaren ɗinki foliyesta mai gam wanda aka yi dan rana, lamba V-69 ga ƙananan sel da allura 16 ko 18, V-92 ga masu nauyi da allura 18 ko 20. Kada ka sa zaren nailan na takalmi ko na kujera duk da ƙarfinsa a hannu, rana zata cinye shi ya bar yadin lafiya lau, kuma kada ka sa na auduga. Akwai zaren da rana bata ci sam irin Tenara, yana da tsada da santsi sai ka gyara tenshan ɗin keke, ya fi dacewa da murfin sel da rumfa. Kafin ka taka ka manne fallen biyu da tef mai gam gaba da baya dan Dacron santsi gare shi yana zamewa. Bakin da ka yanka ka bi shi da wuƙa mai zafi ya narke ya kulle, amma wannan a kan foliyesta da nailan kawai yake aiki, Kevlar bazai narke ba sai dai ka ninke ko ka rufe da tef. Kusurwar faci ka zagaye ta kada ka bar ta da tsini.

Laminet kuma dokarsa daban, kowane hujin allura rauni ne a jikin ledar, in ka jera su kusa da kusa ka yi masa layin yagewa irin na rasit. Shi da faci mai gam ake gyara shi, a wanke gishirin da ruwan famfo, a bari ya bushe ƙayau, a goge da sifirit, a manna gaba da baya, na baya ya ɗan fi na gaba girma dan gefunansu kada su haɗu wuri ɗaya. In dole sai an ɗinka to a kan facin za a taka da tazara mai faɗi.

In kwastoma ya tambaye ka me zai saya, ka fara tambayarsa me yake da jirgin. Mai koyo, ko mai fita yawo ranar Asabar da Lahadi, ko kulob mai koyar da yara, Dacron mai kyau kawai, ya ƙara ɗan nauyi ma saboda iskar hadarin Afrilu da Oktoba mai zuwa ba sallama. Mai tafiya mai nisa da ke da hali, saƙar Dyneema da foliyesta. Mai tsere da gaske wanda ya yarda zai dinga sauyawa akai-akai, shi ne na kabon da Kevlar, kuma ya fara duba dokar ajin jirginsa dan wasu ajin basu yarda da kowane yadi ba. Sannan kowanne ya saya ka ja masa kunne ya ɗinka murfi, yadin akirilik irin Sunbrella shi ne ya fi jure rana a wannan aikin, kuma aiki ne da mu muka fi kowa iyawa. Sel ɗin gaba da ake naɗewa a jikin waya ana ɗinka masa zirin akirilik ɗin a gefen baya da gindi, ka tabbatar ka tambayi ta wane gefe yake naɗuwa kafin ka ɗinka dan zirin ya kasance a waje. A wanke gishiri da ruwan daɗi dan gishiri yana jawo danshi, ƙurar hunturu ma a wanke ta tana cin ɗinki, a shanya a inuwa ya bushe kafin a sa a jaka, Dacron a ninke shi amma ba a layi ɗaya kullum ba, laminet kuma a naɗe shi a ajiye a kan katako ba a ƙasan kwantena ba.